Bahari, Ƙafiya da Maimaici: Abin da Ke Riƙe Waƙar Bege da ta Soyayya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci mutum Ya sanar da shi bayani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, abin da ya jawo darasin wannan fitowa shi ne, wani dare bayan sallar isha'i wani ɗalibina ya tsaya har jama'a suka watse, sannan ya matso da takarda a ninke a hannunsa. An riga an ɗaura masa aure, tarewa ta rage, ya rubuta wa amaryarsa waƙa da Hausa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, tambaya biyu gare ni. Ta farko, ko na yi laifi? Ta biyu, me ya sa tawa ba ta zama a baki kamar yadda Ishiriniya ke zama?" Na ce masa, "Ɗana, ta farko amsarta gajera ce. Ta biyu kuwa ilimi ne guda, har da littattafansa." Tun da na san ba shi kaɗai ke ɓoye irin wannan takarda a cikin gafaka ba, sai na ga gara in amsa wa kowa a nan.

Hukuncin a taƙaice

Malamai sun tafi a kan cewa waƙa magana ce, kyakkyawarta kyakkyawa ce, mummunarta mummuna ce. Ƙarshen Suratus Shu'ara'i ya zargi mawaƙan da ɓatattu ke bi, sannan ya ware waɗanda suka yi imani suka aikata ayyukan ƙwarai. Hassanu ɗan Sabitu (R.A.) ya rera waƙa a cikin masallacin Annabi (S.A.W.). Ka'abu ɗan Zuhairu, da ya zo tuba bayan buɗe Makka, ya buɗe ƙasidarsa Banat Su'ad da kukan rabuwa da masoyiya, sai da ya wuce rabin ƙasidar kafin ya kai ga neman afuwa da yabo, kuma an karɓi tubarsa, har aka ruwaito an yafa masa mayafi.

Abin da malaman fiƙihu suka hana shi ne mutum ya kama sunan wata mace sananniya wadda ba halalinsa ba yana siffanta ta, ko ya yi batsa, ko ya tona asirin iyalinsa a bainar jama'a. To, wanda ya gaya wa matarsa daɗaɗan kalmomi tsakaninsa da ita bai shiga cikin wannan ba. Wannan ke nan. Yanzu sai mu koma kan sana'ar.

Na farko: bahari, wato ma'aunin waƙa

Mu mutanen Rusairis ba mu buƙatar a fassara mana kalmar bahar, don da ita muke kiran kogin da ke gabanmu. Da wannan kalma ɗin Larabawa suke kiran ma'aunin waƙa. Wanda ya tsara ilimin shi ne Halilu ɗan Ahmad Alfarahidi, malamin Basra a ƙarni na biyu na Hijira, malamin Sibawaihi. An ce ya bi ta kasuwar maƙeran tagulla ne ya ji yadda guduma ke sauka, daga nan tunanin ya zo masa. Ya fitar da bahari 15, Ahfash ya ƙara Mutadarak suka zama 16. Sunan ilimin Aruli.

Tushen abin duka gaɓa ce. A Hausa, kamar a Larabci, gaɓa iri biyu ce. Akwai sassauƙa, wato baƙi da gajeren wasali, kamar "da" ko "ta" ta cikin "tafi". Akwai mai nauyi, wato baƙi da wasali mai ja, kamar "so", ko baƙi da wasali da wani baƙin da ya rufe, kamar "can" da "har". Za mu sa wa sassauƙa alamar v, mai nauyi kuma alamar –.

A nan ne yaranmu ke tuntuɓe, domin rubutun boko ba ya nuna ja. Ka rubuta "gari" na zama, ka rubuta "gari" na tuwo, a takarda duk ɗaya ne. Amma a baki na farko v – ne, na biyu – – ne. Iyayenmu masu ajami sun fi mu sauƙi, don suna sa alif ko wau ko ya a wurin ja, ido yana gani. Saboda haka ƙa'ida ta farko: da kunne ake auna waƙa. Ka faɗi kalmar da ƙarfi, kana buga yatsa a gwiwa.

Gaɓoɓi su ke haɗuwa su yi ƙafa, abin da muke ce wa taf'ila a aji. Ga su da kalmomin gida don sauƙin riƙewa:

Fa'uulun (v – –), kamar masoyi, ko Rusairis.
Faa'ilun (– v –), kamar zuciya, ko malami.
Mafaa'iilun (v – – –), kamar tunanina.
Faa'ilaatun (– v – –), kamar zuciyata.
Mustaf'ilun (– – v –), kamar almajiri.
Mutafaa'ilun (v v – v –), kamar "da masoyiya".

Idan ka jera Fa'uulun kana maimaitawa, Mutaƙarab ke nan. Idan ka haɗa Fa'uulun da Mafaa'iilun, Ɗawil ke nan, baharin Ishiriniya. Mustaf'ilun da Faa'ilun su ne Basiɗ, baharin Banat Su'ad da Burdar Busiri. Mutafaa'ilun ita ce Kamil. Faa'ilaatun ita ce Ramal, wadda Malam Aliyu Namangi na Zariya ya hau a Imfiraji. Ka ga ke nan duk wanda ya taso yana jin waɗannan a maulidi, Aruli na cikin kunnensa tun bai san sunansa ba.

Bari mu gwada da baitin da muka gyara tare da ɗalibin nan, ya kuma yarda in kawo shi:

Dare ya yi nisa, ina jin ruwa,
Idona a hanya, ina son zuwa.

Ka yanka shi haka: da-re-ya / yi-ni-sa / i-na-jin / ru-wa. Wato v – – sau uku, sannan v – a ƙarshe. Ɗango na biyu ma haka: i-do-na / a-han-ya / i-na-son / zu-wa. Mutaƙarab ne da aka gutsure masa gaɓar ƙarshe, kuma haka mawaƙan Hausa suka fi yin sa.

Shi da farko cewa ya yi, "Idona a kan hanya, ina son zuwa." Magana daidai ce, nahawu bai ce komai ba. Amma "kan" ɗin nan gaɓa ce mai nauyi da ta shigo ba gurbinta, sai ɗangon ya karye, mai rerawa dole ya haɗiye wani abu. Akwai kuma wani kuskuren da ya fi wannan ɓoyuwa. Da zai ce, "Dare ya yi nisa, ina jin iska," gaɓa goma sha ɗaya ce cif kamar ta farko, amma duk da haka ya karye, don "iska" – – ce, gurbin kuwa na v – ne. Ashe ƙidaya kaɗai ba ta isa ba, sai an duba nauyi da wurin da kowace ta zauna.

Ba kowane sauyi ne karaya ba. Akwai rangwamen da masu Aruli suka yarda da shi, suna ce masa zihafi. A Mutaƙarab ana iya sassauta gaɓar ƙarshe ta ƙafa, Fa'uulun ta koma Fa'uulu. A Kamil ana iya haɗe sassauƙa biyu na farko su zama mai nauyi ɗaya. Gaɓar da ta rufe ɗango kuwa ana ɗaukar ta mai nauyi ko da gajera ce, don murya na tsayawa a kanta. Zihafi kamar gishiri yake a miya, kaɗan ya gyara, da yawa ya ɓata.

Me ya sa duk wannan wahala? Domin kari yana aiki a jiki tun kafin ma'ana ta isa ga hankali. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Anjasha, mai kora raƙuma da waƙa. Muryarsa ta sa raƙuman suka ƙara sauri, har Annabi (S.A.W.) ya umarce shi ya sassauta saboda matan da ke kai. Raƙumi bai san Larabci ba, kari ya ji. Abin da ya motsa dabba, ina ga zuciyar saurayi da budurwa? Shi ya sa muke cewa mai waƙa ya ji tsoron Allah a kan abin da zai ɗora wa karinsa.

Na biyu: ƙafiya, wato amsa-amo

Ƙafiya ita ce sautin da baitoci ke sauka a kansa. Harafin da aka gina ta a kai shi ne rawiyyi, kuma da shi ake yi wa ƙasida suna. Burdar Busiri, mai baiti kimanin 160, mimiyya ce, duk a kan mim take sauka. Banat Su'ad lamiyya ce. Ishiriniyar Alfazazi, wanda ya rasu a 627 Hijiriyya, ta bi haruffa ne ɗaya bayan ɗaya, kowane harafi baiti ashirin, daga nan sunanta ya fito. A Hausa gaɓar ƙarshe ce gaba ɗaya ake dubawa, baƙinta da wasalinta. A baitinmu na sama "wa" ce.

Malaman ƙafiya sun lissafa aibobinta. Uku sun fi yawa a takardun ɗalibai.

Na ɗaya iƙwa'i, wato baƙi ɗaya amma wasali ya saɓa, kamar ka rufe da "ruwa" sannan ka rufe da "kiwo". Wannan har manya ya kama. An ruwaito cewa Nabiga Azzubyani yana da shi a wata ƙasidarsa bai lura ba, mutanen Yasriba kuma suka ji nauyin gaya masa. Sai suka sa wata mawaƙiya ta rera masa tana jan wasulan ƙarshe. Da ya ji da kunnensa sai ya gane, ya gyara. Darasi a nan shi ne ka ba wani ya rera maka waƙarka kana saurare.

Na biyu ikfa'i, wato baƙaƙen su yi kusa amma ba ɗaya ba, kamar "zama" da "gana", ko "taɓa" da "saba". Mai ɓ da mai b ba ɗaya ba ne. Yaranmu da suka fi sabawa da Larabci suna yawan haɗa su, don haka a kula.

Na uku iɗa'i, wato ka maimaita kalmar ƙafiya da ma'anarta ɗaya kafin baiti bakwai su wuce. Wannan alama ce ta cewa rumbun kalmomin mawaƙi ya yi ƙasa. Amma idan lafazi ɗaya ne ma'ana biyu, to ya tashi daga aibi ya koma ado, shi ne jinasi.

Mawaƙanmu na Hausa sukan yi baiti mai ɗango da yawa, ƙwar huɗu ko ƙwar biyar. A irin wannan ƙafiya biyu ce: ƙaramin amsa-amo na ciki, wanda ke sauyawa daga baiti zuwa baiti, da babban amsa-amo na waje, wanda ba ya sauyawa har waƙa ta ƙare. Ga misali daga takardar tamu bayan gyara:

Wata ya fito can a gefen gari,
Masunta da dama suna yin shiri,
Idona da barci fa babu shiri,
Idona a hanya, ina son zuwa.

Na ciki "ri" ne, na waje "wa". Baiti na gaba yana iya ɗaukar "na" ko "ki" a ciki, amma dole ya dawo ya sauka a "wa". Ku lura da "shiri" sau biyu: na masunta tanadin fita ne, na ido da barci jituwa ce, don haka jinasi ne. Ku kuma lura da "fa babu" a ɗango na uku, v – v ce, ga zihafin da muka ambata.

Daga nan za ku gane tahamisi. Mai tahamisi yakan ɗauki baitin wani mai ɗango biyu ya ɗora ɗango uku nasa a gaba, masu ƙafiyar ɗangon farko, su zama biyar. Ishiriniyar da muke rerawa da tahamisin Ibnu Mahib take tafe. Maƙwabtanmu kuma suna da dobait ɗinsu, ɗango huɗu a kan ƙafiya ɗaya, wanda Hardallo na ƙasar Buɗana ya yi suna da shi wajen siffanta bege.

Amfanin ƙafiya biyu ne. Tana sa mai sauraro jira, ya san inda za a sauka amma bai san ta wace hanya ba, idan aka sauka sai ransa ya yi sanyi. Tana kuma taimakon hadda, shi ya sa aka mayar da nahawu waƙa a Alfiyyar Ibnu Malik, aka mayar da fiƙihu waƙa a Ibnu Ashir.

Na uku: maimaici

A zance na yau da kullum maimaici gajiyarwa ne. A waƙar so kuwa shi ne shaidar son. Uwar da ɗanta ya yi tafiya ba ta gajiya da ambaton sunansa. Ibnu Rashiƙ na Ƙairawan, a littafinsa Al'umda, ya yi babi a kan haka, ya nuna cewa maimaita suna yana kyau idan shauƙi da jin daɗin ambato ne suka kawo shi. Haka Majnun ya yi da sunan Laila, haka Hansa'u ta yi da sunan ɗan'uwanta Sahru a makokinta.

Babban misali a wurinmu shi ne daliyyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ya yi yana ɗan kimanin shekara ashirin, a baharin Kamil, yana begen zuwa Madina. Baiti bayan baiti da sunan Annabi (S.A.W.) yake rufewa. Mai riƙe da ƙa'ida kawai zai ce ai wannan iɗa'i ne. Amma ba ƙarancin kalmomi ya kawo shi ba, Shehu ya sa sunan ya zama masaukin kowane baiti ne da gangan, don duk inda magana ta zaga can zuciyarsa ke komawa. A nan ake bambance maimaicin gazawa da maimaicin ƙauna.

Maimaici yana zuwa ta hanya uku. Akwai na kalma a farkon ɗango, kamar "Idona" sau biyu a baitinmu: na farko ido ne da ya rasa barci, na biyu ido ne da ke duban hanya, wato an dawo da kalmar amma an ƙara mata kaya. Akwai na suna, wanda muka faɗa. Akwai kuma amshi, ɗango ko baitin da jama'a ke karɓawa, irin wanda muke ji wurin masu madihu da tar. Amshi shi ke sa wanda bai haddace komai ba ya samu rabonsa a majalisi.

Ma'aunin maimaici mai kyau ɗaya ne: duk lokacin da kalmar ta dawo, ta tarar da sabon abu a gefenta. Idan ka cire ta ba a rasa komai ba, to ciko ce. Da yawa daga waƙoƙin soyayyar da yara ke ji a waya a nan suke faɗuwa, kalma huɗu ake juyawa, kiɗan na'ura ke rufe ramin. Ka kashe kiɗan ka karanta kalmomin, sai ka ga ba komai a tukunyar.

Alƙur'ani ba waƙa ba ne, Allah Ya kore masa wannan a Suratu Yasin. Amma mai karatu ya san aya ɗaya ta dawo sau 31 a Suratur Rahman, wata sau 10 a Suratul Mursalat, kuma kowace dawowa tana bin bayan wata ni'ima ko wani gargaɗi dabam. Malaman balaga sun yi dogon bayani a kan hikimar haka, ɗalibi ya nema.

Abin da ya shafe mu

Wanda ke son zurfafawa, ɗan ƙasar nan ya rubuta littafin da ya tattara waɗannan abubuwa uku. Shi ne Farfesa Abdullahi Aɗɗayyib, wanda aka haifa kusa da Damar a 1921 ya rasu a 2003, mai tafsirin nan na rediyon Umdurman. Littafinsa Almurshid ya fara fitowa a 1955, ya yi magana a kan ƙafiya da bahari da maimaici filla-filla. Kuma shi ɗin ya zauna a Kano a shekarun 1960 yana shugabantar Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda ta zama Jami'ar Bayero. Ka ga igiyar ilimi tsakanin nan da can ba ta taɓa tsinkewa ba.

Kakanninmu da suka biyo hanyar gabas, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903 tare da Mai Wurno, wasu a kan niyyar hajji, ba su zo da dukiya mai yawa ba. Sun zo da allo da gafaka da waƙoƙin bege a bakinsu, kuma begen Madina na cikin abin da ya taso su. Yau jikokinsu da yawa Larabci ya fi musu sauƙi a baki, wannan kuwa ba laifi ba ne, harshen Alƙur'ani ne. Amma yaron da bai ji bambancin "gari" da "gari" ba, ba zai iya rera waƙar kakansa daidai ba, balle ya yi tasa. A shekarun nan na tashin hankali kuma mun ga yadda takardu ke salwanta idan mutane suka bar gidajensu da gaggawa. Abin da ke cikin ƙirji shi ke tsira.

Don haka ga shawarata ga ɗalibai. Ka je wurin tsoho ko tsohuwar gidanku ka roƙi waƙar bege ɗaya, ka rubuta ta, ka haddace. Ka yanka baiti biyar nata gaɓa-gaɓa ka nemo baharinta. Sannan in za ka yi taka, ka zaɓi bahari ɗaya da ƙafiya ɗaya tun kafin ka fara, ka rera kowane ɗango da murya kafin ka rubuta shi. Kada ka karya kalma don ta shiga kari, nemo wata. Kada ka faɗi abin da ba ka nufi don ƙafiya ta fita. Wanda ya kawo tasa bayan darasin Larabci, za mu auna ta tare.

Shi kuwa ɗalibin nan, ya koma da takardarsa ya sake zama a kanta mako biyu. Da ya dawo, baiti tara ya rage daga ashirin, amma tara ɗin duk suna tsaye da ƙafarsu. Na ce masa ya kai wa mai ita, mu namu ya ƙare a awo.

Allah Ya sanya albarka a aurensu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa, Ya cika zukatanmu da son Manzonsa (S.A.W.). Wallahu a'alamu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.